Babi na Arba'in da Ɗaya

Kallamu mai gadin sito ne a Apapa.
Dare ya yi masa yawa, sai ya kama rubutu.
Akwai wani fim da duk muka kalla,
jarumin ya mutu a ƙarshe, kowa ya haƙura.
Kallamu bai haƙura ba.
Ya tono shi, ya karkaɗe masa riga,
ya saka shi a danfo mai zuwa Oshodi.

Mu kuwa muna Agege, bakin layin dogo,
teburin shayin Bashari, mu shida, wata rana tara.
Babi na faɗowa waya Sagiru zai miƙe,
ya gyara murya kamar mai labaran duniya.

"Idanunta na haske kamar sabuwar janareta."
Shayi ya fito wa Tukur ta hanci.
"Jarumi ya yi iyo daga Marina har Jidda
da tuwo a ka, ko miyar ba ta girgiza ba."
A babi na tara aka harbe shi, aka yi jana'iza.
A na goma yana cinikin tumatir a kasuwa,
ba bayani, ba ban haƙuri.

Wayar Kallamu ba ta san harafi mai ƙugiya ba.
Baƙi suka zo gidan budurwa, ya rubuta baki,
sai ga leɓɓa cike da falo suna jiran abinci.
Jarumi ya tauna ƙashi don fushi,
kun dai san abin da ya tauna a wayar Kallamu.
Ranar Bashari a ƙasa ya zauna,
ƙwai ya ƙone a kasko.

Muka naɗa shi Shehin Sito.
Muka haddace shi fiye da lambar wayar gida.
Wanda ya makara, ta Jidda ya biyo.
Wanda ya ci bashi ya ɓace, zai dawo a babi na goma.

Sai damina ta sauka, ruwa ya ci titi.
Kwana goma sha ɗaya ba babi.
Muka koma zancen tsadar mai.
Sagiru na leƙa waya kamar mai jiran albashi.

Ni da nake da difloma,
ni da na fi kowa gano kuskure,
na sayi littafi da biro, na ce bari in nuna masa.
Na rubuta: Wata rana.
Na zauna da ita har aka kira assalatu.
Kalma biyu, duk daidai,
ba wanda za su sa dariya,
ba wanda za su sa komai.

Daren Juma'a muna maimaita babi na tara
wani gajere da jiƙaƙƙiyar lema
ya zauna ƙarshen benci, ya ce shayi ba madara.
Can sai ya ce, "Kun tsallake layi."
Cokali ya tsaya a kofin Bashari.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, in ji shi.
Bai yi fushi ba, bai kuma yi murmushi ba,
burodi yake tsomawa.
Tukur, da ba ya jin kunya, ya ce,
"Malam, mutumin nan me ya hana shi mutuwa?"

"In ya mutu," ya ce,
"da wa zan yi hira ƙarfe uku na dare?"

Na so in biya masa, ya ƙi.
Ya buɗe lema, ya waiwayo:
"Gobe na arba'in da ɗaya.
Akwai zaki a ciki, a kan gada, yana karɓar haraji."

Mun jira har ya sha kwana kafin mu fashe.
Na yi dariya ni ma, har da hawaye.
Amma da na isa ɗaki ba wuta,
na sake fita cikin ruwan nan
neman mai cajin waya.